Sunan Mai Aiko Wasiƙa Amana Ne

Duk lokacin da wata ma'aikata ko makaranta ta sabunta manhajar da ma'aikatanta ke buɗe imel da ita a intanet, akan wayi gari da ƙorafi iri-iri: wannan wasiƙarsa ta isa da sunan wanda ya riƙe kujerar kafin shi, wancan sunansa ya ɓace sai adireshi kawai, wani kuwa nasa ya rikiɗe ya zama alamomin da ba mai iya karanta su. Jawabin da aka saba ji daga ofishin kwamfuta shi ne, tun da saƙo yana shiga yana fita, sai a yi haƙuri. Wannan uzuri a wurina ba karɓaɓɓe ba ne.

Malaman hadisi sun riga mu sanin nauyin wannan mas'ala, domin Imam Daraƙuɗni, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 385 bayan Hijira, littafi sukutum ya wallafa a kan sunayen maruwaita waɗanda suka yi kama da juna a rubuce amma suka saɓa a furuci. Kuma hujjarsu ita ce, kuskure a cikin jumla mai hankali yakan gyara shi da abin da ya gabace shi da abin da ya biyo baya, amma suna ba a gano shi da ƙiyasi, idan ya gurɓata ya gurɓata, isnadi kuma ya raunana. Wasiƙar ofis ma haka take, ƙimarta tana rataye da sanin wanda ya aiko ta.

Tun a ƙa'idar da aka shimfiɗa wa imel a 1982, wadda ake kira RFC 822, layin mai aikawa kashi biyu ne: adireshi, da kuma sunan da ake nuna wa mai karatu. Shi wannan sunan, manhajar mai aikawa ce take rubuta shi, ba wata hukuma da take tantance shi a hanya. Saboda haka matakin farko ga mai bincike shi ne ya buɗe asalin matanin wasiƙar, wanda kusan kowace manhaja take ba da damar gani, ya duba abin da aka rubuta a layin. In sunan daidai yake a can, to illar tana wajen mai karɓa: ko dai littafin adireshinsa yana ɗauke da tsohon suna, manhajar kuma ta fifita shi a kan na wasiƙar, ko kuwa jerin saƙonnin da aka adana na wucin gadi kafin sabuntawa ne bai wartsake ba. In kuwa a can ma kuskure ne, sai a koma saitin mai aikawa. Da yawa daga masu ajiye imel a sabar da ke amfani da cPanel sun gamu da irin wannan lokacin da aka janye manhajar SquirrelMail, daga baya aka janye Horde, aka bar Roundcube kaɗai, domin kowace ɗaya a nata rumbun take ajiye sunan mai akwati, kuma abin da ba a kwaso ba a wajen ƙaura, sabuwar manhaja ba ta da hanyar saninsa.

Nau'in da ya fi shafar mu Hausawa shi ne na uku, wato sunan da ya rikiɗe ya zama alamomi, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Tsarin haruffa na ASCII da aka gina imel a kai gurabe 128 kawai gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a ciki, ba a kuma iya sa su a suna ba har sai da aka fito da dabarar lulluɓe baƙin haruffa a kan wasiƙa, wadda RFC 2047 ta 1996 ta tsara. A tsarin UTF-8, kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu yake ci. Idan aka kwashe rumbun bayanai daga tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma zuwa sabo ba tare da lura ba, sai na'ura ta karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa, Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, ƙ kuma ta koma Æ™. Abin takaici, maganin da akan ba mai wannan suna shi ne ya cire lanƙwasar ya huta, alhali kuwa laifin na wanda ya yi ƙaurar ne, gyaransa kuma sananne ne: a koma ga ajiyar da aka yi kafin sabuntawa, a sake juyar da bayanan da tsarin da ya dace. Bafaranshe ba ya yarda a share masa alamar da ke kan harafin sunansa don sauƙaƙa wa ma'aikacin kwamfuta, ban ga dalilin da zai sa mu mu yarda ba.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce na mutunci. Hanyoyin tantancewa na SPF da DKIM da DMARC, dukkansu ɓangaren adireshin da ke bayan alamar @ suke dubawa, ba ruwansu da sunan da ake nunawa, kuma ta nan ne 'yan damfara suke shiga, su rubuta sunan shugaban ma'aikata a kan adireshin da ba nasa ba, su umarci akanta ya biya kuɗi cikin gaggawa. Ma'aikatar da ta bar mutanenta suka yi wata da watanni suna ganin suna bai dace da adireshi ba, har abin ya daina ba su mamaki, ita da kanta ta kashe musu faɗakar da za ta tsare su ranar da ɓarawo ya zo.

Ina kira ga shugabannin ma'aikatu da kada su sa hannu a kan cewa an kammala sabuntawa sai an ɗauki ajiyar rumbun bayanai tukuna, an gwada aika wasiƙa daga akwatin da mutane da yawa suke tarayya a kai da kuma na mai suna da harafi mai lanƙwasa, an kuma sanar da kowane ma'aikaci a rubuce ya duba sunansa a ranar farko.