ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Jama'a, lokacin zaɓe ya sake zagayowa, 'yan takara sun cika gari da alkawari. Duk wanda ya hau dandamali sai ka ji ya ce in ya ci zai kawo tsaro. To, amma da wuya ka sami wanda zai tsaya ya gaya wa talaka inda wutar nan ta taso, da waɗanda suka hura ta, balle yadda za a kashe ta. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan fitowa mu ɗan ajiye maganar taki da hanyoyi, mu dubi abin da ya sami maƙwabciyarmu Nijar da Mali daga 2011 zuwa 2025. Akwai darasi a ciki ga duk mai riƙe da ƙuri'a.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da Nijar. Iyakarmu da ita ta kai wajen kilomita 1,500, kuma jihohi bakwai ne ke kwance a bakinta: Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno. Ingila da Faransa suka zauna a ƙasashensu suka ja layin nan, ba su tambayi kowa ba. Mutumin Illela yana da dangi a Birnin Ƙonni, na Jibiya yana cin kasuwa a Maraɗi, na Maigatari yana sayen dabba daga Damagaram. Abin da ya taɓa su da safe, kafin la'asar ya iso mana.

Inda wutar ta taso

A watan Maris na 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya ba da izinin amfani da ƙarfi a Libiya da sunan kare farar hula. Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil sun ƙi kaɗa ƙuri'a. Nijeriya kuwa, wadda ke zaune a Kwamitin a lokacin, ta ce ta yarda. Jiragen ƙungiyar NATO suka yi wata bakwai suna ruwan bama-bamai, aka kashe Gaddafi ran 20 ga Oktoba, masu jiragen suka koma gida. Rumbunan makaman da ya yi shekara arba'in yana tarawa suka zama ba mai gadi.

Ba a yi wata uku ba, a Janairun 2012, tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, kuma cikin 'yan tawayen akwai waɗanda suka dawo daga Libiya da makamansu. A watan Maris soja suka hamɓarar da gwamnati a Bamako, Kidal da Gao da Tumbuktu suka faɗi cikin 'yan kwanaki. Daga nan ne 'yan ta'adda masu alaƙa da Alƙa'ida suka ture 'yan tawayen suka karɓe garuruwan. Watau ƙuri'a guda da wakilinmu ya ɗaga wa hannu a birnin New York tana cikin abubuwan da suka buɗe ƙofar da har yau ba a rufe ba. Wannan shi ne darasi na farko: harkar waje ba wasan manya ba ce da ke ƙarewa a otal, a ƙauye take ƙarewa.

Masu gadi na haya

Da abin ya fi ƙarfin Mali, sai aka kira Faransa. Ta shigo a Janairun 2013, ta ƙwato garuruwan, mutane suka yi ta tafi. A 2014 aikin ya faɗaɗa ya zama rundunar Barkhane, wadda a 2020 ta kai soja fiye da 5,000. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ajiye tata rundunar a Mali daga 2013 zuwa 2023. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, wanda ya ci fiye da dala miliyan 100, ta kuma ajiye soja wajen dubu a Nijar. In dai kayan aiki ne ke kawo tsaro, da yankin nan ya fi ko'ina kwanciyar hankali a Afirka.

Me aka gani? A Disambar 2019 'yan ta'adda sun kashe sojan Nijar 71 a barikin Inates. Wata guda bayan nan suka kashe 89 a Shinagodar. Waɗannan mahara ne da suka taho da yawa a kan babura da motoci, a ƙasar da jiragen leƙen asiri ke shawagi dare da rana. A Janairun 2021 jirgin Faransa ya jefa bam a ƙauyen Bounti na Mali. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce farar hula 19 ne suka mutu a wurin bikin aure, Faransa ta ce 'yan ta'adda ta kashe.

A nan ne ya kamata mu fahimci mene ne leƙen asiri. Jirgi yana ganin mutum talatin sun taru a gindin bishiya, amma bai san ko ɗaurin aure ake yi ko shirin hari ba. Mai unguwa ya sani. Dillalin shanu ya san baƙon da ya zo kasuwa da kuɗin da ba su yi kama da shi ba. Mai sayar da fetur a jarka ya san wanda ya soma sayen abin da ya fi ƙarfin babur ɗinsa. In mutanen nan ba su amince da gwamnati ba, ko suna tsoron wanda za su gaya wa zai sayar da su, to gwamnati makauniya ce ko da tana da jirgi dubu. Har ila yau, bayanin da baƙo ya tattara nasa ne. Abin da ya ga dama shi zai ba ka, kuma buƙatar ƙasarsa yake dubawa kafin taka.

Ran 26 ga Yuli 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa, ƙarƙashin Janar Abdurahman Tiani, suka tsare Shugaba Bazoum a Yamai. A lokacin akwai sojan Faransa wajen 1,500 a ƙasar, ga na Amurka. Ba su hana komai ba. Kafin ƙarshen Disambar 2023 Faransawa sun kwashe kayansu, kafin ƙarshen Satumbar 2024 Amurkawa sun bi bayansu.

Sauya mai gadi bai sauya ɓarawo ba

Akwai samarinmu da ke murna da tutar Rasha, suna ganin an sami mai ceto. Mu dai muna cewa a dubi Mali, wadda ta riga kowa gwada wannan magani. Sojan hayar Wagner sun isa can a ƙarshen 2021. A Maris ɗin 2022 aka yi kisan garin Moura, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojan Mali da baƙin mayaƙa sun kashe mutum aƙalla 500. Gaskiya ne an ƙwato Kidal a Nuwambar 2023. Amma a Yulin 2024 an yi wa Wagner mummunan kwanton ɓauna a Tinzawaten, a Yunin 2025 suka ce sun tafi, wata rundunar gwamnatin Rasha ta maye gurbinsu. Daga Satumbar 2025 'yan ta'adda suka soma tare hanyoyin tankokin mai, har Bamako kanta ta shiga ƙuncin fetur.

Ba mai zuwa Sahara don yana son mu. A Arlit akwai yuraniyom da kamfanin Faransa ya soma haƙa tun 1971. A Agadem akwai man da kamfanin Sin ya ja wa bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin. A Mali akwai zinariya. Ta Agadas 'yan ci-rani ke bi zuwa Turai, abin da ke hana Turawa barci. Kowane baƙo da abin da ya kawo shi, kuma ran da lissafinsa ya sauya zai naɗe tabarmarsa. Ba laifinsa ba ne, haka ƙasashe suke. Laifin na wanda ya kwanta barci ne ya bar wa baƙo makullin gida.

Namu kuskuren

Mu ma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Juyin mulki ba abin yabo ba ne, wanda ya sha mulkin soja a ƙasar nan ya san ɗacinsa. Amma ran 30 ga Yuli 2023 shugabannin ECOWAS sun zauna a Abuja suka ba sojan Nijar wa'adin mako guda, ko su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, alhali mafi yawan wutar da Nijar ke sha daga Nijeriya take zuwa. Wa ya sha wuyar? Mai albasa da mai shanu da direban babbar mota, a can da nan. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, malamai suka tafi Yamai neman sulhu, daga ƙarshe aka janye takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024 ba tare da an cim ma abin da aka nema ba.

Ga abin da aka girba. Mali da Burkina Faso da Nijar sun ƙulla nasu ƙawancen a Satumbar 2023, suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A Maris ɗin 2025 Nijar ta ba da sanarwar janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Cadi da ke yaƙi da Boko Haram. Jami'an da ya kamata su riƙa musayar labari a kan iyaka suka koma zargin juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku dubi maganar Lakurawa. A Nuwambar 2024 hedkwatar tsaro ta ba da sanarwar ɓullarsu a Sakkwato da Kebbi kamar sababbin baƙi. Alhali mutanen Tangaza da Gudu sun san su shekaru kafin nan. Labarin yana nan a bakin talaka, hanyar da zai bi ya isa inda ake yanke shawara ce ta toshe. Ku dubi kuma Tudun Biri a Jihar Kaduna, inda a Disambar 2023 jirgin sojanmu maras matuƙi ya kashe mutum aƙalla 85 a wurin Maulidi. Cutar da ta sami Faransa a Bounti ita ce ta same mu: ido a sama, babu kunne a ƙasa.

Hukumomi kuwa ba mu rasa su ba. An kafa NSO a 1976 bayan kisan Janar Murtala, a 1986 aka raba ta uku: SSS ta cikin gida, NIA ta waje, DIA ta soja. Tambayar ita ce, aikin wa suke yi? In an fi sa su bibiyar ɗan jarida da ɗan adawa, wa zai bibiyi mai safarar bindiga a daji?

Mun taɓa tsayawa da ƙafarmu

Ƙasar nan tana da tarihin da za ta dogara da shi. Bayan samun mulkin kai an ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, ɗalibai da 'yan siyasa suka tashi tsaye, aka soke ta a Janairun 1962. A Nuwambar 1975 gwamnatin Murtala ta amince da MPLA a Angola, kuma da Shugaba Ford na Amurka ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman juya su, Murtala ya je Addis Ababa a Janairun 1976 ya ƙi a gaban kowa. Ba ƙarfin makami ne ya ba shi wannan baki ba. Ya auna al'amarin ne da ma'aunin Afirka, ya yanke shawara a Legas.

Ba muna cewa a yi gaba da kowa ba ne. A sayi makami inda ya fi araha, a karɓi horo daga wanda ya iya, a yi musayar labari da kowace ƙasa. Sharaɗi ɗaya ne: shawara ta zama tamu, kuma wakilan jama'a su san abin da aka sa wa hannu.

Abin da za ku tambayi ɗan takara

Tsarin mulkin 1999, sashe na 5, ya ce shugaban ƙasa ba zai ayyana yaƙi ba sai da yardar majalisun tarayya biyu, kuma tura soja fagen fama a waje yana buƙatar yardar Majalisar Dattawa. Ashe sanatan da kuke zaɓa ba mai rabon shinkafa ba ne kawai, a hannunsa ran ɗanku soja yake. Don haka in ɗan takara ya zo unguwarku, bayan kiɗa ya lafa, ku tambaye shi:

Yaya zai gyara zumunci da Nijar da Cadi da Kamaru, yadda sintiri da musayar labari a kan iyaka ba za su tsaya ba ko da shugabanni sun ɓata?

In wata ƙasa ta nemi sansani ko izinin kai hari a ƙasarmu, zai kawo maganar gaban majalisa a fili, ko a ɗaki za a gama?

Kuɗin tsaro da ake ware wa gwamnoni, wa ke bin diddiginsu?

Manomin da ya kawo labarin 'yan bindiga, wace kariya aka tanadar masa? Jami'in da aka ba labari ya zauna a kai har aka kashe mutane, wane hukunci ke jiransa?

Wanda ya amsa da hujja, ku saurare shi. Wanda ya amsa da zagin abokin hamayya ko ya miƙo ambulan, kun san matsayinsa. Mutanen Gao sun yi wa sojan Faransa tafi a 2013, wasu a Yamai sun ɗaga tutar Rasha a 2023, kuma manomin Tillaberi bai daina tsoron zuwa gonarsa ba a tsakanin nan. 'Yan'uwa, ran zaɓe ku fito da wuri, ku kaɗa ƙuri'arku da wannan a zuci, ku tsaya har a ƙirga. Allah ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.