Stromae da Ikon Mawaƙi a Kan Harshensa

Sunan da iyayensa suka raɗa masa Paul Van Haver, an haife shi a birnin Burusel na ƙasar Beljiyam a shekarar 1985. Sunan da duniya ta san shi da shi kuwa, wato Stromae, shi ya ƙera abinsa. Ya ɗauki kalmar maestro, wadda ake kiran gwanin kiɗa da ita, ya juya gaɓoɓinta, ta ƙarshe ta dawo farko. Wannan salo shi Faransawa ke kira verlan, kuma duk wanda ya yi zaurance yana yaro a Maraɗi ko Damagaram ya san irinsa. Da ya tashi kafa kamfaninsa a 2009, sai ya sake yamutsa haruffan nan bakwai ya fitar da Mosaert. Ra'ayin da nake son karewa a nan shi ne, wannan wasa da kalma yana da alaƙa ta kai tsaye da yadda mutumin ya riƙe sana'arsa a hannunsa: mawaƙin da ya mallaki kayan aikinsa shi ke da iko a kan harshensa. Ina kuma ganin ɗaliban kimiyyar harshe na ƙasar nan suna da abin koyo a ciki, ko da ba su taɓa sha'awar kiɗan Turai ba.

Mahaifiyarsa ƴar yankin Beljiyam ce da ake magana da Holanci, mahaifinsa kuwa ɗan Ruwanda ne mai zanen gine-gine, wanda aka kashe a kisan kiyashin 1994, lokacin yaron yana da shekara 9. Beljiyam ƙasa ce mai harsunan hukuma uku, Holanci da Faransanci da Jamusanci, kuma mutanen Paris sun daɗe suna kallon Faransancinta a matsayin na gefe, abin ba'a. Daga wannan gefen Stromae ya fito. Ya fara da waƙar rap, ya fitar da ƙaramin faifai a 2007 da kuɗin aljihunsa, ya haɗa wa mawaƙin rap na Faransa Kery James kiɗa a 2008. A 2009 ya saki «Alors on danse», wadda ta hau matsayi na farko a Beljiyam da Faransa da Jamus da Holan da Italiya da wasu ƙasashen Turai. Kiɗanta na gidan rawa ne, amma zancen da ke cikinta na bashi ne da wahalar aiki da mutuwar aure. Faifansa na farko, Cheese, ya biyo baya a 2010.

A waɗannan shekaru yana ɗora wasu gajerun bidiyo a YouTube da ya kira darussa. A cikinsu ana ganinsa gaban kwamfuta da ɗan ƙaramin fiyano na lantarki, yana nuna yadda yake dasa ganga, ya ɗora amo, sannan ya ɗora murya. Abin da bidiyon ke bayyanawa shi ne mutum ɗaya ke rubuta baiti, shi ke haɗa kiɗa, shi ke rerawa. Wannan yana da nauyi a wajen mai nazarin harshe. Inda aka raba aikin, mai kiɗa yakan gama nasa, sannan a ba marubuci ya cusa kalmomi a gurbin da aka bar masa. Idan kalma ta fi gurbin tsawo sai a datse ta, idan ta gaza sai a ja ta. Wanda ke riƙe da duka biyun yana iya matsar da bugun ganga domin wata gaɓa ta faɗi inda yake so. A wajensa kalma ba ta zama baƙuwa a gidan kiɗa ba, tare aka gina gidan da ita.

Faifansa na biyu, Racine carrée, ya fito a watan Agusta na 2013, kuma a nan hujjata ta fi bayyana. Sunan faifan kalmar lissafi ce, amma racine tana nufin saiwa da kuma asali, ga kuma kiɗan rumba na Kwango da waƙar girmamawa ga Cesária Évora ta tsibiran Cap-Vert a ciki. Sunan waƙar «Papaoutai» tambaya ce ta yaro mai neman ubansa, kalmomi ne da nahawun Faransanci ke rubutawa a rarrabe, ya manne su wuri guda ya rubuta su yadda kunne ke ji, har suka yi kama da sunan wani gari ko wata kalma ta wani harshen Afirka. «Quand c'est ?» tambaya ce game da lokaci, amma idan aka furta ta sai ta kusa zama sunan cutar daji da Faransanci, baƙi ɗaya kawai ya rage, kuma cutar ce waƙar ke yi wa magana. A «Formidable» ya haɗa kalmar yabo da wata magana mai kama da ita a sauti wadda ma'anarta wulaƙanci ce, ya kuma rera ta da wani «r» mai kauri daga maƙogwaro wanda ya sa mutane suka riƙa tuna Jacques Brel. Ko a faifansa na uku, Multitude, na 2022, akwai «La solassitude», inda ya narkar da kalmar kaɗaici da ta gajiya suka zama ɗaya. Waɗannan duka darussa ne na tsarin sauti da ƙirar kalma da ƙa'idojin rubutu, an yi su a gaban miliyoyin mutane da ba su taɓa shiga ajin kimiyyar harshe ba.

Abu na biyu da ikon nan ya ba shi shi ne zaɓin harshe. Hanyar da aka saba ga mawaƙin Turai mai neman kasuwar duniya ita ce ya koma Ingilishi. Stromae ya sami damar yin haka tun 2010, lokacin da Kanye West ya ɗora baitocinsa a kan kiɗan «Alors on danse». Duk da haka faifansa uku da Faransanci ya yi su. Racine carrée ya sayu fiye da kwafi miliyan 2 a Faransa kaɗai, kuma a watan Oktoba na 2015 ya yi wasa a babban zauren Madison Square Garden na birnin New York. Da ya bar shawarar a hannun masu lissafin riba, da wuya su yarda a kai waƙar da ƙarfinta ke cikin wasa da kalmar Faransanci zuwa Amurka ba tare da an fassara ta ba.

Akwai suka guda biyu da za a iya yi wa wannan ra'ayi, kuma dukansu suna da tushe. Na farko, Faransanci ba maraya ba ne. Harshe ne mai masu magana a nahiyoyi da dama, mai makarantu da gidajen buga littattafai, kuma tun 1996 doka ta wajabta wa gidajen rediyo masu zaman kansu a Faransa su ware kashi 40 cikin 100 na waƙoƙin da suke sawa ga waƙoƙin Faransanci. Wanda ya tsaya kan irin wannan harshe, bango ya jingina da shi. Na biyu, cin gashin kan Stromae yana da iyaka, domin rarraba faifansa ya bi ta hannun rassan kamfanin Universal. Na yarda da duka biyun. Sai dai abin da suke nunawa shi ne inda iyakar take. Mosaert ke yin waƙa da bidiyo da sutura da tsarin dandamali, tare da ɗan'uwansa Luc Junior Tam da matarsa Coralie Barbier. Babban kamfani yana karɓar abin da aka gama ya kai kasuwa. Dillali ne aka ɗauka, saƙar tana hannun masaƙi. Harshen waƙa kuwa a wurin saƙa ake yanke shi.

Akwai kuma farashin da ya biya, wanda bai kamata a ɓoye wa matasa ba. A 2015 ya yi rangadin Afirka, ya yi wasa a Dakar da Abijan da Duwala, amma a watan Yuni dole ya dakatar saboda mummunar illar da wani maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ya yi masa. Ya dawo ya kammala a Kigali, ƙasar mahaifinsa, a watan Oktoba, sannan ya janye daga dandamali na shekaru. A watan Janairu na 2022, ana cikin labaran dare na tashar TF1, ya amsa tambayar ƴar jarida da rera «L'enfer», waƙar da ke magana kan tunanin kashe kai. A 2023 ya sake soke sauran rangadinsa saboda lafiya. Ba zan ce cin gashin kai ne ya kwantar da shi ba, amma wanda ya ɗauki rubutu da kiɗa da rerawa da shugabancin kamfani a kai ɗaya, kayan mutum huɗu ya ɗauka. Faifai uku a cikin shekara 12 shi ne abin da ya iya, kuma ya isa.

Mai karatu zai iya tambaya me ya kawo mawaƙin Faransanci cikin shafin Hausa, a lokacin da kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amsata ita ce, doka tana ba harshe matsayi, amma masu magana da shi ke ba shi rai, kuma mawaƙa suna cikin na gaba. Abin da Stromae ya yi wa Faransanci shi ne ya ɗauke shi a matsayin kayansa, wanda yake da damar lanƙwasawa ba tare da neman izinin Paris ba. Wannan hali ne nake so mu gane a wajen namu mawaƙan, na Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Kayan aikin ma sun riga sun iso. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da muryar da aka bi da ita ta Auto-Tune irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙoƙin sun yaɗu daga wayar salula zuwa wayar salula kafin wani kamfani ya san da su.

Sai dai wasan Hausa ya bambanta da na Faransanci, kuma a nan aikinmu yake. Faransanci cike yake da kalmomin da furucinsu ɗaya amma rubutunsu daban, kamar ver da vers da vert da verre, kuma a wannan rata tsakanin kunne da alƙalami Stromae ke wasa. Hausar boko ratarta a juye take: rubutu ɗaya, furuci daban. Baba na uba da baba ta gwaggo da baba na rini haruffansu huɗu ne iri ɗaya. Haka kukan yaro da itacen kuka, haka wuyan mutum da wuyar aiki, haka garin Tasawa da garin gero. Karin sauti da tsawon wasali ke raba su, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Ma'ana, duk lokacin da mawaƙin Hausa ya yi irin wasan «Quand c'est ?», muka rubuta baitinsa da boko zalla, mun kashe wasan a kan takarda. Ga tambayoyi da suka isa kundin kammala karatu: yaushe muryar waƙa ke bin karin sautin kalma, yaushe take saɓa masa? Me Auto-Tune ke yi wa faɗaɗɗen sauti? Shin mai rap yana kiyaye bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar yadda marubutan waƙa suka kiyaye?

Sannan akwai batun karin harshe. Yaron Tawa da ke cewa hwara da hulla da wanga a gidansu, idan ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa na wani, sau da yawa yakan ji dole ya karkata zuwa Hausar Kano, domin can kasuwa take. Idan kwamfutar tasa ce, yana iya barin Adarancinsa yadda yake, kamar yadda Stromae ya bar «r» ɗinsa. Kuskuren da nake tsoro daga ɓangarenmu shi ne mu zama masu jan alƙalami, mu riƙa auna waƙa da ma'aunin daidaitacciyar Hausa muna ƙirga kurakurai. Daidaitaccen rubutu yana da wurinsa a aji da ofis da jarida. A waƙa kuwa, aron kalma daga Faransanci, da tsallakawa daga Hausa zuwa Zabarmanci a baiti ɗaya, da karya kalma da gangan, bayanai ne da ya kamata a tattara a fahimta.

Don haka nake kira ga malamanmu na Yamai da Damagaram da duk inda ake koyar da harshe, su buɗe wa ɗalibai ƙofar nazarin waƙoƙin matasa masu haɗa kiɗansu da kansu. Ɗalibi ya zaɓi mawaƙi ɗaya na garinsu, ya nemi izininsa, ya tattara abin da ya ɗauka tare da shekarun ɗauka, ya rubuta baitocin da alamun karin sauti da tsawon wasali, ya zauna da shi gaban kwamfutarsa ya tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan. Waƙoƙin Stromae suna da kamfani da ke adana su. Na yaran unguwanninmu yawanci a katin waya suke, kuma katin waya yana ɓata, yana lalacewa, ana goge shi a sa wani abu.