FILIN ADON ƊAKI: Allon Bango Da Fentin Hannunki

Wata ƙanwarmu daga Roni ta rubuto tana kuka, wai bikinta ya matso, kuɗin Baba duk sun ƙare a gado da kwanukan jere, bango kuwa fayau ba ko tsinke, tana tsoron gorin dangin miji. Haba ƙanwata, share hawayenki. Iyayenmu a Kazaure da Gwiwa da farar ƙasa suke shafe ɗaki, su rataya faya-fayan da suka saƙa da hannunsu, kuma ba wadda aka raina.

Yanzu akwai allon ado na bango da ake zubawa a mazubi, wani na filasta, wani na wata roba mai tauri da ake kira rezin. Wanda ba a yi wa fenti ba ya fi araha nesa ba kusa ba. In wani naku zai shiga Kano ki ba shi saƙo, ki ce mai zanen dagi ko fulawa.

To amma a nan gizo ke saƙar. Yawancinku da allo ya zo hannu sai ku hau shafa kala, bayan sati biyu fenti ya soma ɓarewa kamar ɓawon albasa. Dalili kuwa, masu zubi suna shafa wa mazubi mai don kada allon ya manne, kuma man nan yana biyo shi. Fenti ba ya zama a kan mai. Don haka in na rezin ne, ki wanke shi da ruwan ɗumi da omo, ki bi lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori. Na filasta kam kar ki kuskura ki jiƙa shi, goge shi kawai za ki yi da busasshen ƙyalle. Inda baki ya yi kaushi ki bi da samfefa mai laushi, amma ki ɗaura ɗankwali a hanci, ƙurar nan ba ta da kirki a ƙirji.

Sai ki fara da farin fenti siriri a ko'ina, ya bushe sarai. Kala mai haske ita ce farko, mai duhu daga baya, kuma shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri da zai toshe zanen. Sirrin da na fi so shi ne wannan: ki tsoma buroshi a ruwan gwal, ki goge shi a takarda har ya kusa bushewa, sannan ki bi saman zanen a hankali. Tudun ne kaɗai zai ɗauka, kwarin ya zauna da duhunsa. Wallahi sai an rantse daga kanti kika saye shi.

Ku 'yan Babura da ke bakin iyakar Nijar kun san hunturunku da ƙura, to ku kife kwali a kai yayin da yake bushewa. Banish sai bayan kwana guda cur.

In kuma allon mai ayar Alƙur'ani ne, a kula da inda ake ajiye shi lokacin aikin, ban da ƙasa, ban da kusa da magudana.

A fitowa ta gaba za mu taɓo rinin kaba na faifai. Taku har kullum, Antin Filin Ado.