Ciyar da mai ciwon daji: tsakanin tausayi da tilastawa

Mu da muke zuwa dubiya a Kafur da ƙauyukanta mun sha ganin haka: an dawo da dattijo daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, likitoci sun ce ciwon daji ya yi nisa, sai dai lallaɓawa. Ga malmalar tuwon masara a gabansa, ɗansa na durƙushe yana cewa, "Baba, don Allah ka daure ka ci." Shi kuwa sai kawar da kai yake yi. Uwargida ta koma ɗaki tana zargin kanta da gazawa.

Ya kamata mu san cewa ramar da ke zuwa da wannan ciwo ba irin ta yunwa ba ce. Ciwon ne yake sauya yadda jiki ke sarrafa abinci, ya narkar da tsoka, ya kashe sha'awar ci. Saboda haka ɗura ba ta mayar da ƙiba, sai dai ta jawo amai da kumburin ciki da ɓacin rai.

Addininmu ya riga ya yi mana jagora. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir hanin Manzon Allah (SAW) ga tilasta wa marasa lafiya ci da sha. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) yabon da ya yi wa talbina, wani kunu mai ruwa-ruwa na garin sha'ir, saboda sanyaya zuciyar majinyaci. Darasin a fili yake: abu mai laushi, kuma cikin lallashi.

Alhamdu lillahi, ƙasarmu ta noma ce. Kunun gyaɗa da madara, dafaffen ƙwai, awara, romon kaza, faten wake mai laushi, dabino da zuma, duk suna da ƙarfi ko da kaɗan aka ci. A riƙa ba shi 'yan cokula sau 6 zuwa 8 a yini maimakon cika kwano sau 3. A tambaye shi abin da ransa ke so. A zaunar da shi kafin ya ci. In bakinsa ya yi gyambo, a guji yaji da tsami da abu mai zafi. Wanda ake yi wa ƙarin maganin daji a asibiti, a tabbata an dafa madarar da aka yi nononsa. Mai ciwon sukari ko na ƙoda kuwa, sai da shawarar likita.

Akwai kuskure na biyu: wasu masu tallan magani kan hana majinyaci nama da ƙwai da madara, wai suna ciyar da ciwon. Wannan ƙara wa mai rauni rauni ne. Haka kuma kada mu bar shi ya wahalar da kansa da azumi. Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame, malamai kuma sun ce wanda ba a sa ran warkewarsa sai ya ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana.

Jinya tana cinye rumbu. In kaka ta yi, muna fitar da ushirin masara da dawa, mu fara tuna gidajen talakawan da ke da mai kwance.

In kwanaki suka ƙarato, haɗiya ta gagara, kada a ɗura ruwa, domin yana iya sarƙe shi ya gangara huhu. A jiƙa masa leɓe da tsaftataccen ƙyalle, a riƙe hannunsa, a laƙƙana masa kalmar shahada cikin taushi. Wanda ya yi haka bai bar mahaifinsa da yunwa ba, ya sauke haƙƙi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa kaffara ce, Ya saka wa masu jinya da alheri. Amin.