Kasuwa ba gonar gado ba ce

Wani marubuci ya fito a jarida yana cewa gara a sakar wa kamfani ɗaya kasuwa, wai gasa da dokar gwamnati ɓata lokaci ne. Da alama ya manta da zamanin NITEL, lokacin da kamfani ɗaya ke riƙe da wayar tarho.

Mutanen Sakkwato ba su manta ba. A lokacin, wayar tarho ta manya ce. Talaka sai ya bi layi kafin ya gaisa da ɗan'uwansa a Legas. A 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, MTN da Econet suka shigo. Su ma sai da Glo ta zo a 2003 da cajin daƙiƙa suka sauko da farashi. Yau mai sayar da albasa a kasuwa yana ciniki da Onitsha daga kan buhunsa.

Sai siminti. Ana yin sa a Kalambaina, nan bakin garin Sakkwato, amma kamfanoni uku, Dangote, BUA da Lafarge, ke riƙe da kasuwar ƙasar. Farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, sai da gwamnati ta kira su zama.

Ra'ayin marubucin nan bai da tushe, kuma magina ne shaida.