Ba Shi Ya Yi Harbin Ba

Wannan makon sai jihar Kalifoniya ta Amurka. A da, dokar jihar ta yarda a hukunta mutum da laifin kisan kai ko da ba shi ya kashe ba, muddin yana cikin waɗanda suka aikata wani laifi har rai ya salwanta. A 2018 majalisar jihar ta taƙaita wannan doka, ta kuma ba waɗanda ke kurkuku damar neman a sake duba hukuncinsu.

Freddy Curiel na cikin waɗanda suka nema. A 2006 aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai kan wani kisa na rikicin 'yan daba, alhali abokin tafiyarsa ne ya yi harbin. Alƙali ya yi watsi da buƙatarsa ba tare da sauraron shaidu ba, wai tun a shari'ar farko an tabbatar yana da niyyar kisa.

Curiel ya ɗaukaka ƙara, magana ta kai har Kotun Ƙolin jihar. A 2023 kotun ta ce niyya kaɗai ba ta isa a rufe masa ƙofa ba. Sai an nuna ya san abin da maharbin ya ƙudurta, ya kuma taimaka masa a kai. Ni dai ina ganin kotun ta yi daidai, domin mugun nufi daban, sa hannu daban.

Amma kada ku ɗauka hukuncin ya sake shi. Abin da ya samu, shekara 17 bayan an ɗaure shi, zama ne gaban alƙali, inda masu gabatar da ƙara za su sake kawo hujjojinsu bisa sabuwar doka.