Aron Bindiga Da Ikon Malamin Daji: Gyaran Da Kabi Ke Buƙata

Masu iya magana kan ce kayan aro ba ya rufe katara. Ban taɓa jin nauyin wannan magana ba kamar ranar da wani kawuna, manomin shinkafa a wani ƙauye da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ya ara wa ɗan maƙwabcinsa bindigar toka don ya harbo dinya a fadama. A hanyar dawowa wasu mutane suka tare yaron, babu kaki, babu katin shaida, suka ce su masu tsaron daji ne, suka zazzage jakarsa, suka karɓe bindigar. Da kawu ya tashi bin sawu, babu takardar da ke nuna bindigar tasa ce, babu kuma wadda ke nuna wanda ya karɓe ta. Har yau ba ta dawo ba, shi kuwa godiya yake yi da maganar ba ta kai kotu ba, domin da ta kai, shi da yaron ne za su fara amsa tambaya.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a wannan labari, kuma a nawa ganin tushensu ɗaya: bindigar da ba a san mai ita ba, da mai binciken da ba a san wanda ya aiko shi ba.

Mu fara da aro. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai manyan makaman da Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu, akwai irin bindigar farauta mai harsashi da ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai kuma masu cin albarushi ta baki, wato irin ta kawu, waɗanda aka bar wa kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da amincewar gwamna. Lasisi na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, kuma doka ta hana miƙa makami ga wanda ba shi da izinin riƙe shi. Dokar fashi da makami ta 1984 kuwa ta tanadi tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Ke nan abin da mu muke kira zumunci yana iya zama sanadin shekara 10 a kurkuku ga ɗan maƙwabci.

Kada mai karatu ya zaci wannan tsauri namu ne mu kaɗai. A Amurka, inda mallakar bindiga ke cikin kundin tsarin mulki, dokar tarayya ta 1934 ta wajabta rajistar ko da na'urar da ake ɗaura wa bakin bindiga don rage ƙararta. Wanda aka rubuta ta da sunansa ba ya da ikon ya ba abokinsa ya tafi da ita daji shi kaɗai. Mu ma da namu tun kafin zuwan Turawa. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya ari sulkuna a wajen Safwan bin Umayya gab da yaƙin Hunainu, aro ne mai lamuni. Malaman Malikiyya kuma sun ɗora wa mai aro lamunin duk abin da ake iya ɓoyewa, makami na cikinsu. Addini da boko sun yi ittifaƙi cewa makami ba fartanya ba ne.

Sai batun bincike. Ko shakka babu daji na buƙatar mai tsaro. Dokar hukumar gandun dajin ƙasa ta 1999 ta ba jami'anta ikon kamawa da bincikar wanda suke zargi da farauta a gandu irin na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979. Jihohin Arewa kuma sun gaji dokar namun daji ta 1963 daga tsohuwar gwamnatin Jihar Arewa, da malaman daji masu aiki da ita. Amma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa, kamar yadda Alƙur'ani ya hana shiga gidan wani ba da izini ba. Ikon malamin daji ya tsaya ne a kan laifin daji da kuma zargi mai dalili. Bai kai ga rumbun manomi ko ɗakin matarsa ba, balle ya zama rigar da kowane mai gora zai ara ya tare hanya. A Amurkar ma, a 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Tenesi ta yanke cewa masu tsaron namun daji ba su da hurumin kutsawa gonakin mutane ba tare da sammacin alƙali ba.

Wanda ke ganin ƙaramar magana ce, ya tuna Uromi ta Jihar Edo. A watan Maris na 2025 'yan sintiri suka tare motar da ta ɗauko mafarauta daga Fatakwal za su Kano bikin Sallah, suka ga bindigogin gargajiya, aka yi musu ihun masu satar mutane, aka hallaka mutum 16. Masu binciken ba su da ikon yanke hukunci. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. A watan Nuwamba na 2024 Lakurawa sun kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, cikin masarautar Argungu. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da lasisin bindiga. To, ta yaya za a ce wa talakan da ke kwana da ido ɗaya kada ya ara wa ƙanensa bindiga? Amsata ita ce, rashin tsari bai taɓa kare talaka ba. Bindigar da ke yawo daga hannu zuwa hannu ita ce ke ƙarewa wajen ɓarawon shanu, kuma ita ke sa jami'i ya kasa bambance maharbi da ɗan bindiga.

Mafita tana gabanmu a Matan Fada. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ake bikin kamun kifin da UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016. Ana hana su a wannan ruwa har ranar biki, masunta kuma suna kiyayewa, ba don tsoron kurkuku ba, sai don sun san Sarkin Ruwa, sun san Makwashe, sun san iyakar ruwan da aka hana.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha da kwamishinan 'yan sanda su haɗa kai da masarautun Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru a buɗe rajistar bindigogin gargajiya kyauta ta hannun hakimai da sarakunan baka, a buga wa kowace lamba, a ba mai ita kati. Wanda yake son ɗansa ko ƙanensa ya riƙe ta, a tantance shi a ba shi nasa izinin. Majalisar dokokin jiha kuma ta sabunta dokar namun daji, ta fayyace cewa mai bincike sai da kaki da kati, duk abin da ya karɓa sai ya ba da rasit, gida kuwa ba a shigarsa sai da sammacin alƙali.

Mu 'yan boko da ke da bindigar gado jingine a bayan ƙofa a ƙauyukanmu, mu ne ya kamata mu fara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.